Finjali Na Uku

Ban gane Auda ba sai da ya yi magana. Yana tsaye a bayan baƙina a bakin ƙauye, inda muke ɗaukar 'yan yawon buɗe ido kowace safiya, sanye da gajeren wando mai aljihu barkatai, da baƙin tabarau, ga jaka a baya. Ya rufe fuskarsa da sabon jan hirami irin wanda ake sayar wa baƙi a shagon bakin hanya, kuma ya naɗa shi a karkace kamar yadda suke yi.

"Suwailim," ya ce ƙasa-ƙasa, "ka kuskura ka yi dariya sai na fasa maka baki."

"Wa ya ba ka wandon nan?"

"Wadha ce ta samo a gwanjo."

"Dubi ƙafafu kamar na figaggen zakara. Hau mota, kuma kada ka buɗe baki har mu isa."

Sai da maganar ta fita na tuna cewa tsakanina da Auda ba a wasa da zancen ƙafa. Ya haye bayan a-kori-kura ya zauna a ƙurya cikin baƙi.

Bara da sanyi, shi da yayana Nayif suka yi tsere da motoci a kan jan tudun rairayi, kamar yadda suka saba tun suna samari in baƙi sun watse. Motar Auda ta zame ta bugi ta Nayif, ta Nayif ta kife. Likitocin birnin Akaba suka yanke wa Nayif ƙafar hagu daga gwiwa. Kafin rana ta faɗi, gidan su Auda kaf sun kwashe kayansu sun bar kwarin, domin haka ake yi, don kada zuciya ta ɗebi wani ya aikata abin da ba ya gyaruwa. Suka koma can gabas wajen dangin uwarsu, inda babu baƙi babu aiki, sai tsakuwa da iska. Dattawansu sun zo tantin babana neman sulhu, sun kuma sake zuwa. Aka zuba musu gahawa, suka ajiye finjalan a kan darduma ba su sha ba, suna jiran ya ce ya amince. Baba ya zuba wa finjalan ido har suka huce. Muddin bai amince ba, ba su da halin dawowa.

Da su aka tafi da Wadha, ƙanwar Auda.

Ban san yadda zan kwatanta Wadha ba tare da na ji kunyar kaina ba. Ita ce take saƙa jakunkuna a rumfar mata da ke bakin ƙauye, tana ciniki da baƙi da Turancin da ya fi nawa kaifi. In ta yi dariya takan kai bayan hannu ta rufe baki, idanunta kuma su ci gaba da dariyar. Mun riga mun yi magana, saura Baba ya je wajen babanta, sai motar ta kife. Tun daga ranar kwarin nan da nake ƙauna ya zame mini kamar gidan da aka kwashe kayansa.

Ita ce ta kawo dabarar, ta waya.

"Babanka ya ƙi dattawa," in ji ta, "amma kullum yana zuba wa mutanen da bai san sunansu ba gahawa da hannunsa. Yana kallon fuskokinsu?"

"Ya daina tuntuni. Ya ce duk kamarsu ɗaya."

"To ka kai masa Auda."

"Wadha, Nayif yana can sansanin da muke sauke baƙi. Kin san abin da ya rantse zai yi?"

"Na sani. Auda ma ya sani, kuma ya ce zai je. Kai kaɗai ka rage, jarumin baka."

Na tayar da mota. Baƙin ranar ba su da yawa, wasu ma'aurata matasa, da samari 'yan jami'a masu ɗaukar hoton duk abin da ya motsa, da wata tsohuwa 'yar Holan mai suna Marike, wadda ta zo da littafi mai kauri a kan mutanen da suka rayu a nan kafin mu. Na kai su mashigin dutse inda zane-zanen suke. Na nuna musu raƙuman da aka sassaƙa a jikin dutsen, da tafin ƙafafu, da rubutun matafiyan da suka bi hanyar nan da turare tun kafin zuwan Musulunci. Bakina yana ta zuba abin da ya haddace, idona kuwa yana kan Auda. Ya tsaya gefe, ya manta da kansa, ya tsuguna a kan dugadugansa yana duba sawun da ke cikin rairayi. Babu Baturen da yake tsugunawa haka.

"Tashi," na ce masa ta gefen baki. "Tsaya kamar wanda bayansa ke ciwo."

Marike ta matso kusa da shi tana tambayarsa ƙasarsu. Ya nuna maƙogwaronsa ya girgiza kai. Ta buɗe jaka ta ba shi alewar tari.

Hanyar sansaninmu ta gindin jan tudun take bi, babu wata. Samarin suka yi ta ihu a tsaya su hau. Na ce musu rana ta yi zafi, rairayin zai ƙona su. Ta madubi na ga Auda ya juya wa tudun baya, ya riƙe ƙarfen motar da hannu biyu.

Mun isa bayan la'asar. Tun daga nesa na ji bugun turmin gahawa, Baba yana daka yana kaɗa taɓarya a gefen turmin, kiɗan da ke cewa duk mai ji ya zo. A bayan tanti hayaƙi yana tashi daga ramin da muke gasa nama a ƙarƙashin rairayi. Can Nayif yake. Tun da ya daina tuƙi, girki ya koma hannunsa, kuma ba ya son shiga cikin baƙi saboda yadda suke kallon wandonsa da aka naɗe da fil.

Baƙi suka cire takalma suka zauna a kan dardumai. Yawancinsu sun ja hirami sun rufe hanci don hoto, sai Auda ya ɓace a cikinsu. Ya zauna a ƙarshen layi kusa da turken tanti. Baba, Mudlak, wanda kowa ke kira Abu Nayif, wato uban Nayif, ya miƙe da butar gahawa a hagu, finjalai a dama, ya fara jawabin da yake yi kullum. Ni nake fassarawa.

"Gaya musu," ya ce, "wanda ya shigo ƙarƙashin tantin gashin awakin nan ba a tambayarsa wane ne. Finjali na farko na baƙo ne. Wanda ya sha shi yana cikin amanata, babu mai taɓa shi sai ya bi ta kaina."

Na faɗa da Turanci.

"Na biyu na jin daɗi ne. Na uku na takobi ne. Wanda ya sha na uku, abokin gabarsa nawa ne, nawa nasa ne, babu sauran jini tsakaninmu. In mutum ya ƙoshi sai ya kaɗa finjalin, haka." Ya kaɗa hannu. Baƙi suka kwaikwaya suna dariya.

Ya sha nasa tukuna, sannan ya fara daga dama. Gahawarmu tana da ɗaci, yawanci daga kurɓi ɗaya suke yamutsa fuska su kaɗa finjali. Baba yana tafiya yana zubawa, idonsa a kan bakin buta, yana yi mini ƙorafin cewa gawayi ya kusa ƙarewa. Ina bin sa da kallo. Ya wuce ma'auratan. Ya wuce Marike. Ya tsaya a gaban Auda, ya zuba, ya miƙa.

Auda ya karɓa da dama, ya ɗaga hiramin daga ƙasa, ya shanye. Bai kaɗa ba. Ya miƙa finjalin.

"Kai, wannan yana da maƙogwaro," in ji Baba yana murmushi. "Tambaye shi ko uwarsa 'yar nan ce." Ya zuba na biyu.

Auda ya shanye. Ya sake miƙa hannu.

Baba ya karkata butar, sai ya tsaya. Ba fuskar ya kalla ba, hannun ya kalla. Akwai tabon ƙuna a gindin babban yatsan Auda, wanda ya samu yana yaro a bakin murhun nan namu, kuma Baba ne da kansa ya shafa masa man zaitun a ranar. Ɗigo ɗaya ya faɗo daga bakin butar a kan darduma.

Auda ya cire tabarau da hagu, ya ja hiramin ƙasa.

"Salamu alaikum, Abu Nayif."

Baba bai amsa ba. Tun da nake ban taɓa ganin an yi masa sallama ya ƙi amsawa ba. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya juyo a hankali ya dube ni.

"Kai ka kawo shi."

"Ni ne, Baba."

"A motata. Cikin baƙina."

Ɗaya daga cikin samarin ya ɗaga waya ya fara ɗauka. Matar nan matashiya ta tafa hannu tana tambayata ko wannan ma yana cikin shirin. A daidai lokacin ne na ji ƙarar sandar Nayif a kan tabarmar ƙofa.

Ya shigo ne ya ce nama ya kusa. Sanda a hammatarsa ta hagu, doguwar wuƙar yankan nama a hannun dama, maiƙo yana sheƙi a jikinta. Ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya sauka a kan mutumin da ke zaune hannu a miƙe da finjali.

Babu wanda ya motsa. Ina jin garwashi yana ƙara a murhu.

"Auda," in ji Nayif, a hankali, kamar yana ɗanɗana sunan. "Ka yi ƙiba."

"Ban yi ba, Nayif."

"Wando mai kyau. Ka zo nuna mini ƙafafunka ne? Duka biyun?"

Ya dogara sandar ya yi gaba. Na sha gabansa. Ya ture ni da kafaɗa, ƙarfin da ya tara a hannuwansa tun da ya rasa ƙafar ya jefa ni jikin turke har tantin ya girgiza. Samarin suka yi shewa, ɗaya ya ce kamar a fim. Marike kaɗai ce ta ajiye littafinta, ta kama hannun matar da ke kusa da ita.

"Nayif." Baba ne, bai ɗaga murya ba. "Ya sha."

"Ya sha me?"

"Biyu. Daga hannuna."

Nayif ya yi wata dariya mara daɗi. "Wannan? Baba, wannan ai wasan baƙi ne. Kullum kana faɗa. Jiya ka faɗa wa wani mai ɗan kunne a hanci. Shi ma yana cikin amanarka? Da ya sha uku sai ka bi shi ƙasarsu ka yi masa yaƙi?"

Na ga maganar ta shiga Baba kamar ƙaya. Ya dubi butar da ke hannunsa, ta kakansa ce, baƙa ƙirin daga gindi. Ya dubi baƙin da ke zaune da jajayen hiramansu a karkace, wayoyi a sama. Na san abin da yake aunawa, kuma na tsani kaina da na sa shi a wannan matsayi a gaban mutane. In ya ce wasa ne, to shekara da shekaru yana sayar da bakinsa ke nan kamar yadda ake sayar da kwalaben rairayi mai launi. In ya ce gaskiya ne, ya tsaya tsakanin ɗansa da mutumin da ya raba shi da ƙafarsa.

"Suwailim," Marike ta kira ni a hankali, "mu fita?"

"Ku zauna," na ce mata. "Don Allah. Kada kowa ya tashi." Ban san dalili ba, amma na ji cewa in tantin ya zama babu kowa sai mu, za a yi jini.

Baba ya taka ya tsaya a gaban Auda, ya ba shi baya, ya fuskanci Nayif. Wuƙar tana daidai cikinsa.

"Ban taɓa faɗar maganar nan da wasa ba," ya ce. "Ko ga mai ɗan kunnen. Da wani ya shigo zai taɓa shi, da ka ga abin da zan yi. Yaron nan ya yaudare ni, ƙanenka ya yaudare ni, wannan tsakanina da su ne. Amma gahawar ta shiga cikinsa. In kana son shi, ga ni, fara da ni."

"Ƙafata, Baba."

"Na sani. Ni na binne ta."

Auda har yanzu bai sauke hannunsa ba, finjalin yana miƙe a iska ta gefen rigar Baba, gumi yana bin gwiwar hannunsa.

"Abu Nayif, matsa," in ji Auda. "Ban zo ɓuya a bayanka ba." Ya miƙe ƙafarsa ta hagu a kan darduma, tsirara daga gwiwa saboda wandon banzan nan. "Nayif, ga ta. Wallahi in za ta isa, ɗauka. Uwata tana kwana tana tari a ɗakin kwano. Ƙannena sun bar makaranta. Ni na tuƙa motar, ba su ba."

"Rufe mini baki da zancen uwarka!" Nayif ya daka tsawa, har matar nan ta zabura. "Wata nawa ina kwance a Akaba ina kallon silin? Kowa ya zo. Mai sayar da fetur ya zo. Malamin da ya kore mu daga aji ya zo da lemo. Kullum aka taɓa ƙofa sai in juya. Kai fa? Ko waya?"

"An kwashe mu a ranar. Kawunanka suna bakin asibiti da bindiga."

"Da ka zo su harbe ka! Ni da na zo!"

Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe. Sandar ta zame a kan darduma, ya yi tangaɗi, na tare shi ta baya kafin ya faɗi. Wuƙar ba ta faɗi ba, amma bakinta ya koma ƙasa. Auda yana kuka a fili, hawaye yana bin ƙurar fuskarsa, bai kuma sa hannu ya share ba. Samarin sun sauke wayoyinsu. Babu wanda ya ƙara tambayata fassara.

Baba ya juya ya dubi finjalin da ke miƙe, sannan ya miƙa wa Nayif butar.

"Biyun farko nawa ne, na bayar. Na uku ba ni da iko da shi."

Nayif ba shi da hannun karɓa, ɗaya yana kan sanda, ɗaya yana riƙe da wuƙa. Ya daɗe yana kallon butar. Na ji numfashinsa a jikin ƙirjina yana fita da ƙyar. A raina ina kiran sunan Allah, ina kuma kiran sunan Wadha, ban san wanne ya fi yawa ba, Allah ya yafe mini.

Ya miƙo mini wuƙar ta ƙota. Na karɓa. Ya karɓi butar, ya auna nauyinta, sai ya sunkuya ya ajiye ta a bakin murhu.

"Ba yau ba," ya ce. "Ka ce wa dattawanku su zo. Ban ce na yafe ba, ka ji ni da kyau. Na ce su zo, za a sha." Ya ja hanci da ƙarfi. "Sauke hannun nan, kana ba mu kunya a gaban baƙi. Kuma ka nemi wando."

Auda ya sauke hannun da taimakon ɗayan, don ya sandare. Nayif ya juya ya fita yana cewa naman ya ƙone saboda 'yan iska.

Baba ya gyara rigarsa, ya dubi baƙi, ya ce in gaya musu abinci ya kusa, su je su kalli faɗuwar rana daga kan dutse. Suka fita sumui-sumui kamar masu barin gidan makoki. Marike ta tsaya a ƙofa ta dafa kafaɗar Auda, sannan ta bi su.

Muka rage mu uku.

"Wa alaikumus salam," Baba ya ce wa Auda, a makare, ba tare da ya dube shi ba. "Za ka ci abinci, sannan wannan ya kai ka titi." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, daga yau ba ka zama a tantin nan, ba ka fassara mini ko kalma ɗaya, sai ranar da na kira ka. Ka mai da bakina tarko."

"Na ji, Baba."

"Wa ya kitsa? Kai dai na san ba ka da wannan kan."

Na sunkuyar da kai. Auda ya shiga duban rufin tanti.

"Haka na zata," in ji Baba. Ya tsuguna ya fara tattara finjalai.

Waya ba ta kamawa a sansaninmu sai an hau kafaɗar dutsen da ke bayan ramin nama. Na hau da gudu har na kurje gwiwa. Rana tana dab da faɗuwa, duwatsu sun yi ja kamar garwashi, ban ko tsaya kallonsu ba. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Yana da rai?"

"Yana can yana cin nama."

Na ji ta saki numfashi, sai wani sauti kamar ta toshe baki da mayafi.

"Wadha, ki ce wa babanku ya tara dattawa. Nayif ya ce za a sha."

"Nayif da bakinsa?"

"Da bakinsa. Ni kuma an kore ni daga tanti."

"Kai ma kuka kake yi?"

"Iska ce."

"Maƙaryaci," ta ce, tana dariya tana shessheƙa. "Kada ka kashe. Bari in kai wa Inna, ka faɗa mata da kanka, ni ba za ta yarda da ni ba."

Na zauna a kan dutsen, wayar a kunnena, ina jin ƙarar takalmanta tana gudu a kan tsakuwa tana kwaɗa wa uwarta kira.